Makarantar Katolika ko ta gwamnati: abin da kowacce ke nema kafin ta miƙa wa ɗanka difloma a New York

Duk shekara, da zarar sanyin Oktoba ya fara shigowa Bronx, ɓangaren birnin New York da muke zaune, hirar iyayen da ke da yara a aji 8 takan koma kan abu ɗaya. A ƙofar masallaci bayan an sallame Juma'a, a wajen suna, a shagon da muke sayen garin tuwo da daddawa, tambayar ita ce ina za a kai yaro sakandare. Wani ya ce makarantar fada, don can ne ake sa yaro ya tsuke riga cikin wando, ya ɗaura nakatayi, ya san na gaba da shi. Wani ya ce shi da guminsa ba zai biya a koya wa ɗansa aƙidar da ba tasa ba, ga makarantar gwamnati kyauta. Dukansu biyu abin da ido ke gani daga bakin titi suke faɗa. Ba kasafai na ji an zauna an buɗe takarda an duba abin da kowace makaranta ta gindaya kafin ta yaye yaro ba, alhali a nan ne yara ke tuntuɓe.

Sau biyu zaɓin nan ya faɗo a kaina, kuma ban bi hanya ɗaya ba. Babban ɗana, wanda aka haifa a nan, makarantar Katolika ya yi. 'Yar yayana, wadda ta zo daga Maraɗi tana da shekara 16, ta gwamnati na kai ta. Ban yi nadamar ko ɗaya ba, amma da na musanya su, da na yi.

Kafin komai sai an warware wata kalma da ke ruɗa mu. Wanda ya yi karatu a Najeriya, idan ya ji “kiredit” sai hankalinsa ya tafi kan WAEC: kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, a jarrabawa ɗaya ta ƙarshen shekara shida. A Amurka ba haka ba ne. Kiredit a nan awo ne na darasin da yaro ya zauna ya yi har ya ci. Ya yi Turanci shekara guda ya ci, an rubuta masa ɗaya. Ya faɗi, babu, kuma gurbin yana nan yana jiransa har sai ya cike shi. Tarawa ake yi tun daga makon farko na aji 9, ajin farko na sakandare a nan, kamar adashi. Babu wata babbar jarrabawa a ƙarshe da za ta wanke sakacin shekara uku. Iyayen da suka saba da cewa “bari ya kai ajin ƙarshe mu sa shi lesin” su ne suka fi shan mamaki.

Jihar New York ta yanka wa kowa mafi ƙarancin abin da zai tara, kiredit 22. Turanci 4, wato kowace shekara. Tarihi da zamantakewa 4: shekara biyu na tarihin duniya, shekara ɗaya na tarihin Amurka, rabin shekara na tsarin mulki, rabin shekara na tattalin arziki. Lissafi 3, kimiyya 3, harshen waje 1, fasahar zane ko kiɗa 1, motsa jiki 2, kiwon lafiya rabi, sauran uku da rabi kuma yaro ya zaɓi abin da yake so. Makarantun gwamnatin birnin New York suna ƙirga wannan da zango-zango, shi ya sa za ka ga sun rubuta 44. Kada wannan ya ruɗe ka ka ɗauka sun ninka na Katolika mai cewa 24 ko 26. Raba 44 ɗin biyu, sai ka ga wanda ya fi nema.

Motsa jikin nan da muke rainawa, kowane zango ake yinsa har a gama. Na san yaron da ya ci lissafi da kimiyya lafiya lau, amma bai hau dandamali tare da 'yan ajinsa ba saboda ya riƙa guje wa filin wasa.

Bayan kiredit akwai jarrabawar jiha da ake kira Regents, wadda ake zaunawa a Janairu, Yuni da Agusta. Diflomar kammala sakandare ta yau da kullum tana buƙatar cin guda biyar da maki 65 ko fiye: Turanci, lissafi ɗaya, kimiyya ɗaya, tarihi ɗaya, sai ta biyar da ake da zaɓi a kanta. Akwai difloma mai daraja ta sama, wadda ke neman jarrabawar lissafi uku, kimiyya biyu, da shekara uku na harshen waje ko jerin darussan fasaha ko sana'a a madadinsa. Ba a ma barin yaro ya zauna ta kimiyya sai ya cika minti 1,200 a ɗakin gwaje-gwaje. A ƙarshen 2024 hukumar ilimi ta jiha ta fitar da shirin daina sa cin Regents ya zama sharaɗin difloma daga shekarar karatu ta 2027 zuwa 2028, tare da haɗe diflomomin su zama iri ɗaya. Wanda ɗansa ke aji 8 yanzu ya tambayi kowace makaranta yadda za ta yi da wannan sauyi, don makarantar kuɗi tana iya ci gaba da neman abin da jiha ta sassauta.

Wannan shi ne abin da makarantar gwamnati ke nema, ba ƙari. Ta Katolika kuwa daga nan take farawa.

Makarantar Katolika da ta yi rajista da hukumar ilimi ta jiha tana ba da difloma da jami'o'i ke karɓa kamar kowace. Da yawansu a Bronx da Brooklyn suna sa yara zauna Regents ɗin nan dai. Wasu, musamman masu tsada da ke tafiyar da kansu, ba sa yinta sam, jarrabawarsu suke shiryawa su ba da diflomarsu. Amma kusan dukansu suna ɗora kaya a kan 22 ɗin jiha. Inda jiha ta ce lissafi shekara uku, da yawa sukan ce huɗu. Inda ta ce harshen waje shekara ɗaya, sukan ce biyu ko uku, galibi Sifaniyanci, wasu da Faransanci ko Italiyanci, na 'yan Jesuit, wata ƙungiyar limaman Katolika, kuma har da Latin. A taƙaice, abin da makarantar gwamnati ta bari a matsayin zaɓin yaro mai himma, ta Katolika takan mai da shi dole. Ribar a fili take: takardar sakamakon yaro tana fitowa da abin da jami'o'i masu shekara huɗu ke son gani, ko da iyayensa ba su san yadda ake tsara darussa ba. A makarantar gwamnati yaro yana iya cika 44 ɗinsa cif, ya kwana da murna, sai a ajin ƙarshe a gane bai taɓa yin lissafin da sashen injiniya ke nema ba. Hanyar tana nan, kyauta ma, har da darussan AP masu matakin jami'a da shirin College Now na jami'ar CUNY da ke ba ɗan sakandare kiredit ɗin jami'a ba tare da ko sisi ba. Sai dai wani ne zai tura shi ya bi ta, kuma malamin da ke ba ɗalibai shawara yana da ɗaruruwan yara a wuyansa.

Sai babban ƙarin, wanda shi ne ke sa iyayenmu jan numfashi: darasin addini na shekara huɗu.

A gida mun saba idan lokacin darasin addini ya yi a makarantar gwamnati, aji ya rabu biyu, Musulmi su bi malamin IRK, Kirista su bi na CRK. Wasunmu kuma sun san 'yan uwa da suka yi St. Louis a Kano ko Mariama a Yamai suka fito da addininsu daram. Da wannan tunanin mutane ke zuwa, suna zaton za a ce wa yaro ya je ɗakin karatu ya jira. Ba a yin haka a nan. Darasin addini darasi ne kamar lissafi: akwai littafi, akwai aikin gida, akwai jarrabawa, makinsa yana shiga matsakaicin makin yaro, kuma wanda ya faɗi ba zai karɓi difloma ba sai ya maimaita. Musulmi, Furotesta, Hindu, wanda ba ya bin kowane addini, duk aji ɗaya. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.

Abin da ake koyarwa ba ɓoyayye ba ne. A 2007 taron bishop-bishop na Katolikan Amurka ya amince da tsarin da yawancin littattafan addini na sakandare ke bi. Darussa shida ne na tushe, kowanne zango guda: yadda aka bayyana Yesu Almasihu a cikin Littafi Mai Tsarki, wane ne shi, aikinsa da mutuwarsa da tashinsa kamar yadda suka yi imani, Ikilisiya, sakramenti (manyan ibadunsu bakwai kamar baftisma), da ɗabi'ar rayuwar Kirista. Sai darussan zaɓi biyar na manyan azuzuwa: zurfafa nazarin Littafi Mai Tsarki, tarihin Ikilisiya, koyarwarta kan adalci a zaman jama'a, kiran rayuwa kamar aure da zama fada, da dangantaka da sauran ɗariƙu da addinai. Ba kowace makaranta ke bin jerin nan sawu da ƙafa ba, amma ba za ta yi nisa da shi ba.

Ina tuna wani daren Lahadi, ɗana yana aji 10, ya dawo daga Islamiyya, jakarsa da Ahlari a ciki tana kan kujera, shi kuma yana teburin cin abinci da ƙananan katuna yana haddar sakramenti bakwai. Ya miƙo mini katunan ya ce, “Baba, yi mini tambaya.” Na riƙe su na ɗan jima ban ce komai ba. Mahaifiyarsa daga kicin ta ce, “Malam, ka tambaye shi mana, gobe ne fa jarrabawar.” Na tambaye shi, ya kawo bakwai ɗin ba gargada. Da muka gama na ce to, kawo mini farillan alwala, ya yi dariya ya kawo. Daga ranar muka mai da shi al'ada: duk abin da aka koya masa a can, a zo gida a baje, a ce ga abin da suka ce, ga abin da muka ce. Malamansa, in faɗi gaskiya, ba su taɓa neman ya ce ya yi imani ba. Tambayoyin jarrabawa “me Ikilisiya ke koyarwa game da kaza” ne, shi kuma ya koyi fara amsarsa da “Katolika sun yi imani cewa”. Tun 1965, a takardar Nostra Aetate ta babban taron Vatican na biyu, Ikilisiyar ta rubuta cewa tana duban Musulmi da girmamawa, kuma na ga alamar hakan a yadda aka riƙe shi.

Amma ba zan yaudari kowa ba. Shekara huɗu ne, kusan kullum, a lokacin da zuciyar yaro ta fi taushi. Gidan da uba ke tuƙin tasi har asuba, uwa tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, ba mai zama da yaro ya warware masa abin da ya ji game da Triniti ko gicciye, wannan gidan ya yi lissafi da kyau. Ba wai za a juya masa yaro ba. Abin da na fi gani shi ne yaron ya tashi ya san tarihin Bulus da Bitrus dalla-dalla, bai san sahabbai goma ba.

Tare da darasin akwai sujadar da suke kira Mas, wadda makaranta duka ke halarta lokaci-lokaci, da addu'a a farkon yini, a wasu wuraren ma farkon kowane darasi. Wanda ba Katolika ba yana zama cikin natsuwa, ba ya karɓar jibin Ubangiji, su da kansu ma ba su yarda ya karɓa ba. Akwai kuma wani irin halwa da ake kai 'yan aji, na yini guda a ƙananan azuzuwa, na kwana biyu ko uku a manya, wanda a makarantu da yawa ake kira Kairos. A wasu wuraren na yini gudan dole ne, na kwanan kuma ganin dama. Mai 'ya mace ya tambayi wannan tun kafin ya sa hannu.

Sharaɗi na gaba shi ne hidimar al'umma. Jihar New York ba ta sa shi cikin sharuɗɗan difloma ba, ko da yake wasu makarantun gwamnati suna ƙarfafa shi. A makarantun Katolika kuwa da wuya ka sami wadda ba ta nema. Adadin ya bambanta ƙwarai, daga 'yan gomomin sa'o'i a shekara huɗu zuwa ɗari ko fiye. Raba abinci ga mabuƙata, koya wa ƙananan yara karatu, ziyartar gidan tsofaffi, kuma sai an cike fom wani babba ya sa hannu. Wannan bai taɓa damuna ba, ai mu ma abin da addininmu ya ce ke nan. Abin lura biyu ne. Na farko, a tambaya ko aikin da yaro ya yi a masallaci, kamar rabon abincin buɗa-baki ko taimaka wa malamin Islamiyya, yana shiga lissafi. A makarantar ɗana ya shiga, amma an ce rabin sa'o'in dole su kasance wajen mutanen da ba jama'arsa ba. Na biyu, ba a fafe gora ranar tafiya. Yaran da ke barin sa'o'insu su taru har watan Afrilun ajin ƙarshe su ne iyayensu ke yawo da fom a hannu suna neman mai sa hannu.

Yanzu ga inda ni a ganina bambancin ya fi girma, ya ma fi na addini tasiri ga yawancin iyalai: me ke faruwa idan yaro ya faɗi.

A makarantar gwamnati makin ci 65 ne. A makarantun Katolika da dama 70 ne, don haka 67 ɗin da zai ba yaro kiredit a can, faɗuwa ce a nan. Wanda ya faɗi darasi sai ya yi makarantar bazara, kuma biya ake yi, ba kamar ta gwamnati ba. Littafin ƙa'idoji na mafi yawansu yana da layin da ke cewa wanda ya faɗi darussa kaza a shekara ɗaya, sau da yawa uku, ba zai dawo ba. Haka wanda laifuffukansa suka taru, ko ya cika fashi da latti. Makarantar kuɗi ce, ba dole ne ta riƙe kowa ba. Idan ka ji makaranta tana alfahari cewa kusan duk 'yan ajin ƙarshenta sun gama sun tafi jami'a, gaskiya ta faɗa, amma ka tambayi mutum nawa suka fara aji 9 tare. Ta gwamnati kuwa doka ta ɗaure ta. Yaro yana da haƙƙin zama har shekarar karatun da ya cika 21, yana iya maimaita Regents sau nawa ya ga dama, akwai makarantun da aka keɓe don waɗanda suka makara wajen tara kiredit, akwai na yamma. Tsananin can yana gyara yaron da ke da ƙwaƙwalwa amma yake son wasa, don ya san akwai ƙofar fita kuma ana amfani da ita. Yaron da karatun ne da kansa ke ba shi wuya, tsananin ba ya ƙara masa komai sai fargaba.

Kuɗi ma sharaɗin kammalawa ne, ko da ba a jera shi tare da Turanci da lissafi ba. Makarantun Katolika na Bronx masu sauƙi suna farawa daga wajen dala dubu 7 zuwa sama da dubu 10 a shekara, Fordham Prep ta 'yan Jesuit, wadda ke nan tun 1841, ta haura dubu 20. Ban da kuɗin rajista, yunifom, tafiye-tafiye da kuɗin bikin yaye ɗalibai. Mafi yawan yarjejeniyoyin da iyaye ke sa wa hannu sun ce wanda ake bi bashi ana iya hana shi zama jarrabawar zango, ko a riƙe takardunsa. Mu ma ya taɓa cin mu. Shekarar da aiki ya tsaya mini wata biyu, aka aiko da wasiƙa cewa yaro ba zai zauna jarrabawar Janairu ba sai an biya. Na je da kaina, na zauna da matar da ke kula da kuɗi, ta buɗe kwamfuta ta raba mini bashin kashi huɗu. An warware, amma ban manta yadda yaron ya yi shiru a mota ranar ba. Taimako yana nan: Inner-City Scholarship Fund da Kadinal Terence Cooke ya kafa a 1971, da Student Sponsor Partners, duka ba sa sharɗanta zama Katolika. Akwai kuma tsarin Cristo Rey, wanda aka fara a Chicago a 1996, da reshe a gabashin Harlem, inda ɗalibi ke aikin ofis kusan yini ɗaya a mako, ladan ya tafi kan kuɗin makarantarsa. A can aikin shi ma wajibi ne. Regis da ke Manhattan kyauta ce gaba ɗaya tun 1914, amma samarin da aka yi wa baftisma a Katolika kaɗai take ɗauka, kada Musulmi ya ɓata lokacinsa. Lissafin da za a yi na shekara huɗu ne, ba na shekarar farko ba. A haɗa da tambayar ko makarantar kanta za ta kai, don a 'yan shekarun nan an rufe wasu tsofaffin makarantun Katolika a Bronx, ciki har da Aquinas ta 'yan mata a 2021.

Dalilin da ya sa nake nanata shekara huɗu shi ne, sauya sheƙa a tsakiya yana da tsada. Yaron da ya bar ta Katolika bayan aji 10 ya koma ta gwamnati, shugaban sabuwar makarantar ne zai duba takardarsa ya yanke abin da zai karɓa, kuma darussan addinin nan ba su da gurbi a cikin darussan dole na jiha. In an yi sa'a su shiga cikin na zaɓi. Idan tsohuwar makarantar ba ta yin Regents, sai ya tarar da jarrabawowin da sa'o'insa suka gama tun bara suna jiransa. Wanda ya yi akasin haka, daga gwamnati zuwa Katolika, yawanci ba a sa shi rama addinin shekarun da ba ya nan, amma da yawa ba sa ɗaukar sabon ɗalibi a ajin ƙarshe.

'Yar yayana ba ta sha wannan ruɗanin ba, don nata a fili yake. Ta zo da Faransanci da Hausa, Turancinta bai wuce gaisuwa ba. Makarantar gwamnati dole ne ta gwada Turancin sabon zuwa ta ba shi darasin koyon harshen, kuma a Bronx akwai makarantun da aka buɗe musamman don waɗanda ba su wuce shekara huɗu a ƙasar ba, irin su Bronx International. An karɓi takardunta na Nijar aka fassara, aka ba ta kiredit a kan abin da ta riga ta yi, har da na harshen waje saboda karatun da ta yi da Faransanci. Dokar jiha ta ba shugaban makaranta ikon ɗauke wa wanda ya fara shiga makarantar New York a aji 11 jarrabawar tarihin duniya, wanda ya shigo a aji 12 kuma har da ta kimiyya. Ana ƙara wa masu koyon Turanci lokaci a Regents, ana barin su da ƙamus na kalma da kalma. Ta gama tana da shekara 20, ba wanda ya ce mata ta tsufa. Ƙananan makarantun Katolika kaɗan ne ke da malaman wannan aiki, kuma makin 70 a darasin adabin Turanci ga yarinyar da ke koyon “ina kwana” da harshen zalunci ne.

Haka yaron da ke da takardar buƙata ta musamman, wadda ake kira IEP. A makarantar gwamnati haƙƙinsa ne a ba shi duk abin da aka rubuta, har da sassauci a makin Regents. A ta Katolika birni yana iya turo masa wasu hidimomi, amma sai iyaye sun rubuta wasiƙar nema kafin 1 ga Yuni kowace shekara, kuma makarantar ba dole ne ta sauke sharuɗɗanta ba.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma kullum ake cin karo da su. Tun 2015 makarantun gwamnatin birnin suna rufewa ranar ƙaramar Salla da babba idan sun faɗo ranar karatu, abincin rana kyauta ne ga kowa tun 2017, wasu ma suna da na halal, kuma ba mai hana yarinya ɗaura kallabi ko hijabi. A ta Katolika ranar Salla ranar karatu ce, sai ka rubuta takardar uzuri, kuma a tabbatar ba za a ƙirga ta cikin fashin da ke taɓa maki ba. Hijabi, dogon siket ko wando ga 'yan mata, gemun saurayi, wurin yin Azahar, duk a hannun shugaban makaranta suke. Wasu sun saba da ɗalibai Musulmi har sun ware ɗaki, wasu za su ce yunifom yunifom ne. A gefe guda kuma, ita ce ke da abin da iyayenmu da yawa ke nema ruwa a jallo: makarantar maza zalla kamar Cardinal Hayes da Mount Saint Michael, ko ta mata zalla kamar Academy of Mount St. Ursula. Masu son haɗe kuma ga Cardinal Spellman, inda Sonia Sotomayor, alƙaliya a Kotun Ƙolin Amurka, ta gama a 1972.

Ba sai an yanke hukunci a Oktoba ba. Jarrabawar shiga makarantun Katolika, TACHS, a Nuwamba ake yinta, yaro ya rubuta makarantu uku, sakamako ya fito a Janairu. Ba ta hana shi cike fom ɗin makarantun gwamnati, ba ta hana shi zama SHSAT, jarrabawar shiga zaɓaɓɓun makarantun gwamnati irin su Bronx Science da Stuyvesant. Ni shawarata a yi duka, a jira wasiƙu da adadin tallafin da aka bayar, sannan a zauna. Yaron da ya samu Bronx Science, ban ga dalilin biyan kuɗi ba. Wanda ya samu makarantar gwamnati mai kyau, kuma akwai mai bibiyar darussan da yake ɗauka, shi ma haka. Sabon zuwa, da mai IEP mai nauyi, da gidan da kuɗin shekara ta uku ke cikin shakka, gwamnati. Ta Katolika ta fi dacewa da yaron da Turancinsa ya zauna, yake iya riƙe 75 zuwa sama ba da kyar ba, amma in aka sake masa igiya zai bi iska, a gidan da za a iya biya har ƙarshe kuma akwai mai zama da shi kan maganar addini.

Ranar da makaranta ta buɗe ƙofa ga iyaye, a je da kai, ya fi saƙo. Za a zagaya da ku ɗakin kwamfuta da filin ƙwallo, wani yaro mai ladabi ya yi muku bayani. A bar shi ya gama, sannan a nemi littafin ƙa'idojin ɗalibai na shekarar, a buɗe shafin sharuɗɗan kammalawa a gaban malamin da ke kula da karatu. Kiredit nawa, makin ci nawa, darasi nawa yaro zai faɗi a sallame shi, sa'o'in hidima nawa kuma na masallaci sun shiga, ana Regents ko ba a yi, me ake riƙewa idan an makara biya. Lokacin da na yi wa mataimakin shugaban makarantar ɗana waɗannan tambayoyin, ya cire tabarau ya dube ni ya ce a cikin iyayen da suka zo ranar ni ne na farko da ya tambayi makin ci. Ya jawo kujera, muka yi kusan rabin awa, 'yan zagayen suka tafi suka bar mu.